Taswirar Tsinken Ƙwaƙwalwa Mai Gaba da Baya: Abin da Za Ku Yi da Wanda Ba Za Ku Yi Ba

Wannan gargaɗi ne ga ɗalibanmu na Bodinga da Shagari da Sifawa da Danchadi da ke karatun ilimin aikin jiki, ko harhaɗa magunguna, ko kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantu. Yau ba sai mutum ya mallaki ɗakin gwaji na miliyoyi ba kafin ya sa hannu a binciken ƙwaƙwalwa. Rumbun DANDI, da Cibiyar Allen da ke Siyatil a Amurka, sun zube bayanan da aka naɗo daga ƙwaƙwalwar dabbobi kyauta a intanet. A Damaturu ma, tun 2021 Dokta Mahmoud Bukar Maina ya kafa cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, inda ake horar da matasa kan binciken halittu da ƙwaƙwalwa. Ƙofa ta buɗe. Amma wanda ya shiga ba da ladabin aikin ba, ɓarna zai yi yana tsammanin ilimi yake samarwa.

Ga abin da muke magana a kai. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan bugun lantarki da bai fi milisakan ɗaya zuwa biyu ba. Don a ji wannan bugu, ana soka wani siririn tsinke na silikon a cikin ƙwaƙwalwa, a jikinsa an jera ƙananan ɗigogin ƙarfe, waɗanda za mu kira kunnuwa. Tsinken Neuropixels da aka fito da shi a 2017, tsawonsa milimita 10 ne, faɗinsa maikromita 70, yana da kunnuwa 960, ana sauraron 384 a lokaci guda, kowanne sau 30,000 a daƙiƙa. Duk kunnuwansa a fuska ɗaya suke, kamar akasarin tsinkuna, kuma a kan wannan zato aka gina manhajojin da ke tantance bugu, irin su Kilosort da SpikeInterface: kowane kunne yana da lambobi biyu, x da y, wato matsayinsa a faɗi da matsayinsa a tsawo.

To, akwai tsinkunan da ke da kunnuwa gaba da baya. Wasu tun wajen ƙira aka yi su haka, wasu kuma tsinke biyu ne aka manna su baya da baya. A 2009 Jiangang Du da Sotiris Masmanidis da abokan aikinsu a jami'ar Caltech suka nuna cewa mafi yawan bugun da fuska ɗaya ta ji, ɗayar ba ta jin sa, domin jikin tsinken yana kāre su. Amfaninsa ke nan: rami ɗaya, ƙwayoyi masu yawa. Matsalarsa kuma ita ce kunne na gaba da na baya suna iya faɗawa a kan x ɗaya da y ɗaya, alhali abin da suke ji daban ne. Manhaja ba ta taɓa ganin tsinken ba. Taswirar da kuka ba ta ita ce iyakar saninta. Idan kuka yi mata ƙarya, ba za ta musa ba, za ta ba ku sakamako mai kyan gani wanda ba shi da tushe.

Mutanen Bodinga bai kamata a sha wahalar fahimtar da su wannan ba. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu Usmanu yake Sifawa, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815, kuma ƙasar nan ta san aikin kwafar littafi. Littattafanmu na da ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin gafaka, kowace warƙa da rubutu ciki da bai. Shi ya sa mai kwafa yake rubuta kalmar farko ta warƙar gaba a ƙasan bayan wadda ya gama, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace gurbinta. Wannan tsantseni ake nema daga gare ku.

ABIN DA ZA KU YI

1. Ku nemi zanen asali daga kamfanin da ya ƙera tsinken, ku fara da tambaya ɗaya: daga wane ɓangare aka kalle shi aka zana? Nan ne mafi yawan kuskure ke tsira. Idan mai zane ya juya tsinken ya zana bayansa, hagu ya koma dama. A tsinke mai faɗin maikromita 70, kunnen da ke maikromita 16 daga gefen hagu idan an kalla ta baya, yana maikromita 54 ne daga hagu idan an kalla ta gaba. Ku zaɓi kallo ɗaya, kallon gaba, ku rubuta matsayin duk kunnuwan da shi, na gaba da na baya. Sannan ku rubuta a cikin fayil ɗin cewa haka kuka yi.

2. Ku ba kowane kunne shaida huɗu: matsayinsa, reshen da yake kai (domin wasu tsinkunan suna da reshe fiye da ɗaya), fuskar da yake kai, da lambar tashar da ke ɗauke da siginarsa. Fuska ta sami gurbinta na kanta a jadawali, a rubuta gaba ko baya ɓaro-ɓaro. Manhajar probeinterface, wadda Samuel Garcia da Alessio Buccino da abokan aikinsu suka wallafa bayaninta a 2022, tana ba ku damar liƙa wa kowane kunne bayani, kuma tana adana taswira a fayil na JSON da ɗan adam zai iya buɗewa ya karanta da idonsa. Ku yi amfani da wannan dama.

3. Ku rubuta kaurin tsinken a matsayin lamba ta uku. Tsinkunan silikon da yawa kaurinsu maikromita 15 ne, wasu 50. Idan biyu aka manna, sai a haɗa kaurinsu a ƙara na abin mannawar. Wannan ita ce tazarar gaskiya tsakanin kunnen gaba da na baya. Taswira mai x da y da z ita ce uwa. Duk wata taswira da za ku yanko don biyan buƙatar wata manhaja, daga gare ta za ta fito, kuma ba za ta taɓa maye gurbinta ba.

4. Ku rarrabe lambobi uku da suke kama da juna amma ba ɗaya ba ne: lambar kunne a jikin tsinke, lambar ƙafar soket, da lambar tasha a na'urar naɗa. Kunne na 1 ba lallai ya fito a tasha ta 1 ba. Yana bi ta soket irin na Omnetics, ya shiga ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sigina irin ta Intan mai tasha 32 ko 64, sannan ya isa allon naɗa irin na Open Ephys, kuma a kowace mahaɗa tsarin lambobin yana sauyawa. Tsinke mai gaba da baya yana iya zuwa da soket biyu. Ku rubuta wanne kuka cusa a wace kafa, ku ɗauki hotonsa a ranar. Kuma ku tuna Python daga 0 take fara ƙirga, MATLAB daga 1. Kuskuren lamba ɗaya tak zai iya tura kunnen ƙarshe na gaba ya zama na farkon baya.

5. Ku gwada taswirar da abin da tsinken ya ji. Gani ya kori ji. Idan tsinken na hannunku, ku sauke shi sannu a hankali cikin ruwan gishiri kuna kallon allo: kunnuwan da ke tsini su za su fara nuna sun taɓa ruwa, na gaba da na baya tare, sannan na sama su biyo baya bi da bi. Tashar da ta yi tsalle daga layi tana gaya muku taswirarku ta karkace. Idan kuwa bayanan wani kuka sauke daga intanet, ku duba sigina mai tafiyar hawainiya, wadda ke ƙasa da zagaye 300 a daƙiƙa. Irin wannan tana ratsa nama da nisa, don haka kunnuwa biyu da ke zurfi ɗaya, gaba da baya, ya kamata su ji ta kusan iri ɗaya, kuma ta riƙa sauyawa a hankali daga tsini zuwa sama. Idan kuka jera tashoshin bisa taswira kuka ga siginar tana tsattsage, ku tsaya, kada ku ƙara taku ɗaya.

6. Ku tantance bugun kowace fuska daban, sannan ku gwama sakamakon. SpikeInterface tana iya raba naɗi ɗaya rukuni-rukuni, a tura kowane rukuni ga manhajar tantancewa shi kaɗai. Haka ya fi tsafta, domin kowace fuska ita kaɗai shimfiɗaɗɗiya ce, daidai da zaton da aka gina manhajar a kai. Bayan an gama, ku ɗauki kowace ƙwaya ta gaba ku auna lokutan bugunta da na ƙwayoyin baya da ke zurfi ɗaya da ita. Idan biyu suna bugawa tare, tazararsu ba ta kai rabin milisakan ba, kuma haka abin yake ta maimaituwa, to ƙwaya ɗaya ce da ke gefen tsinke, fuska biyun suka ji ta. Ku bar wadda siginarta ta fi ƙarfi, ku cire ɗayar, ku rubuta nawa kuka cire.

7. Ku rubuta inda fuskar gaba ta dosa a cikin kan dabba: wajen hanci, ko wajen ƙeya, ko tsakiyar kai, ko wajen kunne. A tsinke mai fuska ɗaya sakaci da wannan aibi ne. A mai gaba da baya kuwa asara ce, domin idan aka soka shi a kan iyakar sassa biyu na ƙwaƙwalwa, gaba na iya sauraron sashe ɗaya, baya na sauraron wani. Ku shafa wa tsinken rinin DiI kafin sokawa, don a ga sawunsa idan an yanka naman an duba a madubin likita.

8. Ku ɗaure taswira da bayanan, kada su rabu. Tsarin adana bayanai na NWB yana da jadawalin kunnuwa mai gurbin matsayi uku, kuma yana barin a ƙara gurbi. Ku ƙara na fuska. Ku rubuta sunan tsinken cikakke, da lambar fitowar kowace manhaja da kuka yi aiki da ita, domin manhajojin nan suna sauyawa. Ku ajiye kwafi biyu a wurare biyu. Naɗin tasha 64 na awa ɗaya yana cin kusan gigabayit 14, na tasha 384 ya haura 80, alhali taswirar 'yar mitsitsiya ce. Zafin watan Afrilu, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta ba sa tausayin ma'ajiyar kwamfuta. Ranar da taswira ta ɓata, duk gigabayit ɗin nan sun zama surutu marar ma'ana.

ABIN DA BA ZA KU YI BA

1. Kada ku share kunne don manhaja ta yi shiru. Idan ta ƙi karɓar taswirarku tana cewa kunnuwa biyu sun hau wuri ɗaya, aikinta ta yi. An sa wannan shingen ne don ya kama kuskuren masu shigar da lambobi, kuma yanzu yana gaya muku cewa taswirarku ba ta faɗi dukan gaskiya ba. Wanda ya goge rabin kunnuwa don saƙon kuskure ya ɓace, ya zubar da rabin abin da aka sayi tsinken dominsa.

2. Kada ku tilasta mata ta karɓi kunnuwa biyu a kan x ɗaya da y ɗaya ba tare da bayanin fuska ba. Kusan duk lissafin tantance bugu a kan maƙwabtaka yake tafiya. Kilosort tana tsabtace siginar kowace tasha ne ta hanyar duba tashoshi 32 mafi kusa da ita. Ana ƙiyasta inda ƙwaya take ne ta yadda ƙarfin bugunta ke raguwa daga kunne zuwa kunne. Idan kuka ce tazarar kunnen gaba da na baya sifili ce, kun shaida wa manhaja cewa abu ɗaya suke ji. Sai ta ga bugu mai ƙarfi da shiru a wuri guda, ta gauraya ƙwayoyi biyu ta kira su ɗaya, ko ta tsaga ɗaya gida biyu.

3. Kada ku tura kunnuwan baya gefe a ɓoye. Dabara ce sananniya a ƙara wa x na baya wasu ɗaruruwan maikromita don manhaja ta ɗauke su reshe na daban. A matsayin taswirar aiki ta wucin gadi ana iya yin haka, da sharaɗi uku: sunan fayil ya nuna cewa ta aro ce, a rubuta yawan abin da aka ƙara, kuma a cire shi kafin a lissafa komai. Ba a auna tazarar ƙwayoyi da ita, ba a zana hoton rahoto da ita, ba a tura wa kowa ita a matsayin siffar tsinke. Wanda zai gāji bayananku bayan shekara uku ba shi da hanyar sanin cewa reshen nan na biyu babu shi a duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane nawa suka faɗa?

4. Kada ku rubuta fuska a gurbin reshe ku tafi a haka. Reshe daban, fuska daban. A Neuropixels 2.0 mai reshe huɗu, daga tsakiyar reshe zuwa tsakiyar na kusa da shi maikromita 250 ne, da naman ƙwaƙwalwa a tsakani. Tsakanin gaba da baya kuwa silikon ne siriri. Tsinke mai reshe huɗu gaba da baya rukuni takwas ne wajen tantancewa, amma reshe huɗu ne a cikin kai. Idan kuka haɗe bayanan biyu a gurbi ɗaya, ɗaya ya ɓata.

5. Kada ku cike gurbin mataccen kunne da siginar ɗaya fuskar. Manhajoji suna iya ƙiyasta abin da lalataccen kunne zai ji daga maƙwabtansa. Maƙwabcin kunnen gaba shi ne kunnen gaba. Wanda ya ɗebo bugun baya ya zuba a gaba ya ƙirƙiri ƙwayar da ba ta nan. Haka nan wajen cire hayaniyar da ta game tashoshi: ku duba ko fuska biyun na'urar ƙara ƙarfi ɗaya suke bi. Idan kowace da tata, hayaniyarsu daban ce, a cire wa kowace tata. Kuma idan a ƙasar nan aka yi naɗin, gurnanin wutar lantarkinmu zagaye 50 ne a daƙiƙa, ba 60 irin na Amurka ba. Kada ku kwafo saitin wani ku liƙa ido rufe.

6. Kada ku yarda da gyaran motsi idan na gaba da na baya sun saɓa. Ƙwaƙwalwa tana ɗan zamewa a jikin tsinke yayin naɗi, manhaja kuma tana ƙiyasta zamewar ta gyara. Gaba da baya jiki ɗaya ne, tare suke tafiya. Idan lissafi ya nuna gaba ta yi sama baya ta yi ƙasa, ba wani sabon abu kuka gano ba. Ko dai kun kifar da y na fuska ɗaya, ko ƙwayoyin da ke wajen sun yi kaɗan har ƙiyasin ya rasa madogara. Ku koma ku bincika.

7. Kada ku yi alfahari da yawan ƙwayoyi kafin ku cire waɗanda aka ƙirga sau biyu. Binciken 2009 cewa ya yi mafi yawa, bai ce duka ba. Ƙwaya ɗaya da aka ƙirga biyu ba adadi kaɗai take kumburawa ba. Tana sa ku ga kamar ƙwayoyi biyu suna bugawa tare daidai wa daida, ku rubuta cewa kun gano haɗin kai a tsakaninsu, wani ya karanta ya ɗora nasa binciken a kai.

8. Kada ku karɓi taswira daga aboki ta WhatsApp don sunan tsinkensa ya yi kama da naku. Harafi ɗaya a ƙarshen sunan na iya zama bambancin mai fuska ɗaya da mai gaba da baya, ko bambancin soket da soket. Ko daga rumbun taswirori na probeinterface kuka ɗauko ta, ku gwada ta kamar yadda aka faɗa a sama. Mutane ne suka shigar da ita, mutum kuwa ajizi ne.

9. Kada ku taɓa fayil ɗin asali. Ba a sake jera tashoshi a cikinsa, ba a yanke wasu, ba a adana gyara a kansa. Duk gyara a taswira ake yin sa. Taswira idan ta karkace ana miƙe ta gobe, amma naɗin asali idan aka dagula shi ba ya dawowa.

10. Kada ku ɗauki wannan a matsayin ƙaramin aikin da ake bar wa ƙaramin ɗalibi a daren ƙarshe. Tun ran gini tun ran zane. Duk naɗin da ke gabanku, dabba mai rai aka yi wa tiyata kafin a same shi, ɓera ne ko fara ko biri. Wanda ya lalata bayanan da sakaci ya sa an wahalar da halittar Allah a banza, kuma za a sake wahalar da wata don a maimaita aikin.

GA MALAMAI MASU DUBA AIKI

Nauyin bai tsaya a kan ɗalibi ba. Likitocinmu da ke karanta gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa na masu farfaɗiya sun san dokar tsarin 10-20, wanda Herbert Jasper ya wallafa a 1958: lambobin mara a hagu, na cika a dama. Idan ma'aikaci ya musanya wayoyi, takarda za ta nuna ciwon a ɓangaren da yake lafiya. Ɗalibin da aka bari yau ya musanya gaba da baya a kan ɓera, gobe shi ne zai tsaya a kan ɗan wani a asibiti da wannan halin.

Saboda haka kada malami ya sa hannu a kan kundin da aka yi da irin wannan tsinke sai ɗalibi ya amsa tambaya huɗu da shaida a hannu. Ina taswirar uwa mai lambobi uku? Daga wane ɓangare aka kalli tsinken aka rubuta ta? Da wane gwaji aka tabbatar cewa kowace tasha tana inda aka ce tana? Ƙwaya nawa aka samu a fuska biyu, kuma me aka yi da su? Wanda ya amsa, a ba shi takardarsa, a kuma ƙarfafa masa ya aika taswirar da ya tantance zuwa rumbun jama'a don na bayansa su huta. Wanda ya kasa amsa ko ɗaya, a mayar masa da kundinsa ya sake aikin daga tushe, ko da hakan zai ci masa zango guda.